Gemu ya tafi, wuya yana nan: littafin lezata

11 ga Nuwamba, 2024

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina gyaran amare a shagona da ke gefen Zoo Road: halawa, dilka, lalle, turaren jiki. Sai dai ni mai cire wa mutane gashi, ga nawa nan tsaye a haɓa. Bayan haihuwar autana suka fara fitowa, ƙwara biyar, ƙwara shida, yanzu sun fi ƙarfin ƙirga da ido. Kullum na idar da sallar asuba sai gaban madubi da matsefata. Inda na tsige ƙurji ya fito, inda ƙurji ya mutu baƙin tabo ya zauna.

Ga kuma ta biyu. Bara likita ya ce sukarina ya fara hawa, na rage tuwo, na rabu da lemon kwalba, na sauko daga kilo 94 zuwa 79. Alhamdu lillahi. Amma fatar ƙarƙashin haɓata ta saki, in na juya kai da sauri har reto take yi.

Yau wani dillalin kayan kwalliya ya zo shago da hoton wata na'ura a wayarsa. Ya ce, "Hajjaju, leza ce. Tana kashe gashi har abada, kuma tana ɗame fata. Kwastomominki masu jego za su yi layi." Naira miliyan ɗaya da dubu 800, a biya sau uku. Na ce sai an gwada a jikina kafin ta taɓa 'yar kowa. Shi ya sa na buɗe wannan littafi, don kada zumuɗi ya yi mini lissafi.

14 ga Nuwamba

Ya kawo ta. Fara ce, tsayinta kamar ƙaramin firij, da wani hannu mai gilashi a baki. Bai tambaye ni me nake shafawa ba, bai tambayi ko na tsige gashin ba, alhali da safen nan na tsige. Ya lafta mini wani ruwa mai yauƙi mai sanyi, ya ba ni baƙin tabarau, ya ɗora. Haske ya walƙa kamar na mai hoto. Na farko na daure. Na uku na ce masa da zafi fa. Ya ce zafin ne aikin, shi ke ɗame fatar. Yarana na shago suna ta dariya, wai "Anti, ashe wanzami ba ya son jarfa." Kunya ta sa na bari ya yi har sau tara a gefen wuyana na hagu.

Kafin la'asar wurin ya yi jawur, yana raɗaɗi kamar an watsa mini man suya.

16 ga Nuwamba

Ya ɗuri ruwa. Shaida huɗu a jere, kowace mai kusurwa huɗu, daidai bakin gilashin nan, kamar an buga mini hatimi. Maƙwabciyata ta ce in shafa man goge baki, wata ta ce ɗanyen ƙwai. 'Yata babba da ke karatun likita a BUK ta hana, ta ce ruwa mai sanyi da Vaseline kawai, kuma kada in fasa. Na kira dillali, ya ce wai fatata ce ba ta da ƙwari. Na kashe wayata.

Maigida bai ce komai ba sai da ya gama cin abinci. Sannan ya ce, "Da a wuyan amaryar mutane aka yi wannan, saura kwana uku ɗaurin aure, ina za ki shiga a garin nan?" Ban yi barci sosai ba.

19 ga Nuwamba

Na ga likitar fata. Kuɗin ganin likita N15,000, magani N6,500, adaidaita zuwa da dawowa N1,600.

Tana ganin shaidar ta ce, "Hajiya, wannan ai ba leza ba ce, IPL ce." Ta ce IPL fitila ce mai ƙarfi da ke watso haske kala-kala a haɗe, ita kuwa leza haske ne iri ɗaya tak. Dukkansu abin da suke farauta shi ne baƙin da ke cikin gashi, wato melanin. Ta ba ni misali da baƙin hijabi a ranar bazara, yadda yake kwasar zafi ya bar farin. Hasken yana faɗa wa baƙin gashi ya zama zafi, zafin ya bi silin gashin har saiwa ya ƙone ta. Matsalarmu mu baƙaƙe ita ce wannan baƙin yana cikin fatarmu ma, to hasken da bai iya bambancewa ba sai ya ci fata kafin ya kai ga saiwa. Ga shi kuma na tsige gashin da safen ranar, babu ma abin da zai kama sai fatar. Wato ni ma na ba da tawa gudummawar.

Ta ce akwai ma'aunin launin fata mai hawa shida da wani likitan Amurka, Thomas Fitzpatrick, ya fara fitarwa a 1975, ni ina hawa na biyar. Ga irinmu, lezar da ta fi aminci ita ce Nd:YAG mai tsawon zango nanomita 1064, don tana wuce fatar sama ta nutse ciki. Akwai alexandrite mai 755, ta fi dacewa da fararen fata, akwai diode mai 810 da ke tsakiya. Na rubuta lambobin a bayan katina don in riƙa duba jikin na'ura da idona.

Sai na yi tambayar da ta kawo ni: in na yi ta gaskiyar, wuyan zai ɗame? Ta yi murmushi ta ce, "Gashin zai ragu sosai. Wuyan kuwa, kada ki biya ko sisi da wannan niyyar." Ban ji daɗi ba. A raina na ce gani ya kori ji.

Ta tambaye ni man da nake shafawa. Na ɗan yi jim, na ce akwai wani haɗi da nake sa wa tabon haɓar. Ta ce in daina yau. Irin haɗin nan na bilicin sau da yawa akwai sitiroyid a ciki, yana sa fata ta yi siriri, kuma shi kansa yana iya tsiro da gashi. Wato wataƙila da kuɗina nake sayo gemu.

3 ga Disamba

Ɓawon ya faɗi. Wurin ya yi fari-fari, yanzu ya fara komawa baƙi fiye da sauran wuyan. Likita ta ce watanni zai ɗauka. Man kariyar rana mai SPF 50, N12,000. Mayafi har haɓa, Allah Ya sa hunturu ne, ba mai tambaya.

An yi gwajin jini da hoton mara don a duba ko PCOS, wata matsala ta ƙwan mace da sinadaran jikinta, ce ke kawo gashin, tunda ita ce kan gaba wajen sa mata gemu. Ba ita ba ce. N28,000.

20 ga Disamba

Wata guda babu matsefata, babu halawa, sai reza. Abin da ya fi mini wuya ke nan. Tun muna yara ake ce mana aski yana ƙara wa gashi kauri. 'Yata ta ce ƙarya ne, bakin gashin ne reza ke yankewa ya yi tsini a hannu. Hannuna dai kullum yana haɓa.

Na tambayi malamarmu ta Islamiyya. Ta ce hanin da ya zo a hadisi na tsige gira ne, gemun mace kuwa malamanmu na Malikiyya cewa suka yi ta cire shi.

6 ga Janairu, 2025

An yi gwajin leza ta gaskiyar a ɗan wuri ƙarƙashin kunne, an ce in jira kwanaki a ga yadda fata za ta amsa. Na duba jikin na'urar, ga 1064 nan.

Da dare ni da 'yata muka tsara ma'auni, tunda ido maƙaryaci ne, musamman idon wanda ya kashe kuɗi. Ta ɗora marfin kwalbar lemo a tsakiyar haɓata ta zagaye da kwalli, ta ƙirga gashin da ke ciki bayan kwana uku babu aski: 46, a ciki 6 farare. Sannan na miƙe kai, ta tsunkulo fatar da ta saki ta auna da rular makaranta: santimita 2 da rabi. Hoto uku, gaba da gefe da gefe, a bakin tagar falo, ƙarfe 9 na safe. Haka za mu riƙa yi kafin kowane zama.

13 ga Janairu

Zama na ɗaya. N35,000, haɓa da wuya, an tsallake wurin ƙunar. Minti goma sha biyar aka yi. Ana hura iska mai sanyi a wurin kafin kowane bugu. Zafin kamar a ja robar ƙulla kuɗi a sake maka a fata, amma mai ɗumi, ya fi ciwo a kan ƙashin haɓa. Ɗakin ya cika da ƙaurin babbaka, sak ranar layya.

Da na fito, kowane gindin gashi ya tashi kamar cizon sauro.

14 ga Janairu

To fa. Da safe na duba madubi, wuyana ya ɗame. Wallahi ya ɗame. Layin muƙamuƙina ya fito kamar na shekara goma baya. Wata kwastoma ta ce, "Anti, me kika sha?" Na ɗauki hoto na tura wa ƙanwata a Kaduna. Har na fara cewa a raina likitocin nan ba komai suka sani ba.

'Yata ta dube ni ta ce, "Umma, kumburi ne." Na ce ta tashi ta ba ni wuri.

17 ga Janairu

Kumburi ne. Ya sace, wuya ya koma gidan jiya. Rula: 2 da rabi.

Nan na gane abin da dillalai ke sayarwa. Hoton da suke nuna maka na bayan aiki, in an ɗauke shi a ranar ko washegari, fata na cike da ruwa, dole ta yi kyau. Da a shagona aka yi wa mace, ta fita tana murna, ta faɗa wa ƙawayenta biyar, ranar Juma'a ta dawo tana nemana.

28 ga Janairu

Gashi na zubewa da kansa. In na goga tawul sai in ga baƙaƙen ɗigo kamar garin barkono. Da farko na zaci tsiro yake, ashe matattun ne fata ke turowa waje.

17 ga Fabrairu

Zama na biyu. N35,000. Ƙirga kafin zama: 31. Rula: 2 da rabi.

Na tambayi ma'aikaciyar da ke yi mini lezar dalilin da ba a gamawa a zama ɗaya. Ta ce gashi ba tare yake girma ba, wani na tsiro, wani na hutu, wani na shirin faɗuwa, kuma leza mai tsiron kaɗai take kashewa. Shi ya sa ake dawowa bayan sati huɗu zuwa shida a fuska, sau shida zuwa takwas.

9 ga Maris

Azumi na tara. Amare sun yi sauƙi, sai bayan Salla. Tunda akwai lokaci na zaunar da 'yata ta yi mini bayanin fatar nan da Hausa, ba da turancin makarantarsu ba.

Ta ce ƙarƙashin fatar da muke gani akwai wani hawa da aka saƙa da zare iri biyu: kolajin mai ba da ƙwari, da elastin mai talewa ya dawo. Ta ɗauko tsohon siket ɗina ta ja robar ƙugun, ta sake, bai koma ba. Ta ce wuyana ke nan: ƙiba ta ja shi shekara da shekaru, ƙibar ta tafi, robar ta riga ta gaji. Kuma tun mutum yana matashi kolajin ke raguwa kamar kashi ɗaya cikin ɗari duk shekara, mace kuma in al'ada ta ɗauke tana iya rasa kusan kashi 30 a shekara biyar na farko. Ni ina 43. Na ce ta yi shiru haka nan.

Amma ai zafi na ɗame fata, na ce mata, dubi ganda a kan wuta yadda take takurewa. Ta ce gaskiya ne, kolajin yana takurewa in zafi ya kai wajen digiri 60 zuwa 65, daga baya jiki ya saƙa sabo a cikin watanni. Sai dai lezar gashi da gangan aka ƙera ta don kada ta yi hakan. Dabarar da aka gina ta a kai, wadda Rox Anderson da John Parrish na Jami'ar Harvard suka wallafa a 1983, ita ce a aika zafi ga abu ɗaya cikin ƙiftawar ido, ya ƙone kafin zafin ya yaɗu zuwa maƙwabtansa. Ga iskar sanyi kuma ana hurawa a sama. Ɗan ɗumin da ke tsallakewa zai iya sa fata ta yi laushi kaɗan, amma ba zai ɗaga fatar da ke reto ba. Ta ce in lezar gashi ta dafa fatar wuya gaba ɗaya har ta takure, sunan wannan ƙuna, kuma na riga na ɗanɗana.

Abin da ke ruɗa mutane, in ji ta, ita wannan Nd:YAG ɗin ana amfani da ita wajen gyaran fuska ma, amma da wani saiti dabam da wani salon aiki dabam. Tukunya ɗaya ce, girkin ne ba ɗaya ba.

24 ga Maris

Zama na uku, da azumi a bakina. N35,000. Ƙirga: 22. An ɗan ƙara ƙarfin na'urar, na ji a jikina. Rula: kusan 3. Na sake sauke kilo biyu a azumin, fatar ta ƙara saki. Wannan dai ba laifin leza ba ne, ba kuma ta hana ba.

19 ga Afrilu

Na yi ɓarna. Bikin 'yar yayata, ga amare uku a shago, ga baƙi daga Katsina. Da safe na hango wasu gashi tsaye, hannuna ya kai ga matsefata kafin hankalina ya iso. Na tsige kusan goma. Da na faɗa wa ma'aikaciyar a waya ta ce, "Hajiya, kin cire mana abin da za mu harba." An ɗage zaman 28 ga wata zuwa tsakiyar Mayu.

Ga rana. Wunin kamu da na ɗaurin aure duk a tsakar gida muka yi, zufa ta wanke man kariyar, ban sake shafawa ba. Tabon ƙunar da ya fara dusashewa ya sake yin duhu. Wata biyu na lallashi sun tafi a kwana biyu. Na ba autana matsefatar na ce ya ɓoye inda ban sani ba.

19 ga Mayu

Zama na huɗu. N40,000, wai kuɗin dizal. Na jira awa ɗaya da rabi kafin a tayar da inji. Ƙirga: 17. Rula: kusan 3.

10 ga Yuni

Bayan Babbar Salla. Yau na jera hotunan Janairu da na yau a waya, na daɗe ina kallo. Fuskar ta yi kyau, wannan ba musu. Ƙurajen haɓa sun tafi gaba ɗaya tunda ba gashin da ke lanƙwashewa ya koma cikin fata. Tabon tsiga ya dusashe. Duhun nan da ke sa haɓa ta yi kamar ta wanda ya kwana biyu bai je wurin wanzami ba, babu shi. Fata ta yi sumul, haske na sauka a kanta daidai. Duk wanda ya gan ni cewa yake na yi ƙuruciya, kuma mutum biyu sun rantse wuyana ya ɗame.

Hoton gefe kuwa bai san kara ba. Reton yana nan inda yake, har ya ɗan fi na Janairu. Ina ganin yawancin matan da ke cewa leza ta ɗame musu fata ba ƙarya suke yi ba, sumul ɗin suke gani suna kiran sa ɗamewa. Ni ma da ba don rular nan ba da na rantse.

23 ga Yuni

Zama na biyar. N40,000. Ƙirga: 11, a ciki har da fararen nan 6, ko gezau. Ba su da baƙin da haske zai kama. An ce su sai dai a bi su ɗaya bayan ɗaya da allurar lantarki, ko in ci gaba da aske su.

Na samu likitar na tambaye ta abin da aka yi domin wuyan. Ta ce akwai masu ɗumama cikin fata da igiyar rediyo, irin su Thermage da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita tun 2002, da masu aiki da sauti mai ƙarfi, irin su Ultherapy, wadda aka amince da ita don wuya da ƙarƙashin haɓa a 2012, tana nutsewa har milimita 4 da rabi. Su ba ruwansu da baƙin fata, don haka sun fi mana sauƙin haɗari. Amma ta ce sakamakon kaɗan ne, sai bayan wata biyu zuwa shida ake gani, kuma ya fi ga mai ɗan saki. Fatar da ta yi yawa sosai, irin ta cikin da ya ɗauki haihuwa bakwai ko ta wanda ya sauke kilo talatin, wuƙar tiyata ce kaɗai ke ɗauke ta. Ta kuma ce kada in taɓa komai sai nauyina ya tsaya wuri ɗaya wata shida.

Ta ƙara da cewa ko a Amurka ba a yarda masu na'urorin nan su ce suna cire gashi har abada ba, sai dai su ce suna rage shi. Zan riƙa dawowa sau ɗaya ko biyu a shekara.

5 ga Yuli

Dillali ya dawo, da sabon hoto, wai wannan ta fi waccan, ya rage mini dubu 300. Na janye mayafi na nuna masa hatiminsa. Ya ce, "Hajjaju, ai shagon can na bayanki sun saya." Na aika yarinyata ta gaya wa mai shagon ta zo ta ga wuyana kafin ta kunna. Gemun 'yar'uwarta ya riga ya kama wuta, saura ta shafa wa nata ruwa.

A shago na kafa doka: duk wadda ta ce za ta fara leza, ba ma yi mata halawa a wurin, kuma muna tambayar ta man da take shafawa. Mai jego ta zo jiya tana tambaya ko leza za ta ɗame mata ciki. Na ba ta labarin siket, na ce ta fara zuwa a duba ko naman cikin ne ya rabu, don wannan motsa jiki yake so, ba haske ba.

28 ga Yuli

Zama na shida. N40,000. Ƙirga: 9, farare 6, baƙaƙe 3 sirara. Rula: kusan 3. Nauyi: 77, wata uku bai motsa ba.

Jimilla daga Nuwamba: zama shida N225,000, likita da gwaje-gwaje da magani N49,500, man kariyar rana kwalba huɗu N48,000. Ban sa kuɗin adaidaita ba. Tabon ƙuna biyu sun ɓace, biyu suna nan kamar inuwa.

Zama na bakwai 8 ga Satumba. In nauyi ya tsaya har ƙarshen Oktoba zan koma wurin likita a yi maganar ta igiyar rediyon, in ji kuɗinta tukuna. 'Yata ta ce a ajiye rular da marfin kwalbar a aljihun madubi, kada autana ya kai su makaranta.